Girgizar ƙasa da tsunami: abin da za ka yi idan ta ritsa da kai

Jama'ar Legas salamu alaikum. Duk sanda aka yi babbar girgizar ƙasa a wani wuri sai ka ga guruf ɗinmu na WhatsApp sun cika da odiyo, wai teku zai tashi ya cinye Lekki da Ajah daren yau, kowa ya tattara iyalinsa, alhali girgizar ma a can bangon duniya aka yi ta. Ɗauki ta Kamchatka a Rasha, ƙarshen Yulin 2025, mai maki 8.8, gargaɗin tsunami ɗinta, wato manyan igiyoyin da girgiza ke tayarwa a teku su afka wa gaɓa, na ƙasashen tekun Pasifik ne irinsu Japan da Hawai. Mu kuwa Atlantika ne a gabanmu.

Toh mu fara da gida. Yawancin manyan girgiza suna faruwa ne a inda manyan faifan duwatsun ƙarƙashin ƙasa suka haɗu suna gogar juna, kuma Najeriya ba ta kan irin wannan mahaɗa. Muna ɗan samun motsi jefi-jefi, an ji a Ijebu-Ode a 1984, an ji a Kwoi ta Kaduna a 2016, ƴan Mpape a Abuja sun kwana a tsorace a 2018, kuma Accra da ke nan kusa ta taɓa ganin mai kisa a 1939. Amma gaskiya waɗanda na fi yi wa wannan rubutu su ne Alhazanmu na Agege da Idi-Araba da ke tashi saro kaya Istanbul, da yaranmu masu karatu a Turkiyya, da masu harka a Indonesiya ko Japan. Can ne abin yake da gaske.

Tun ranar da ka sauka otal, kafin ka fara kiran gida, leƙa ka ga ina matakala take. Fasfo, kuɗi, caja da fawa bank, ƴar gorar ruwa, duk a ƙaramar jaka ɗaya kusa da gado, takalmi kuma a ƙasan gadon inda ƙafarka za ta same shi a cikin duhu, don gilas ne ke fara fashewa kuma da yawa a tafin ƙafa suke fara jin ciwo.

Idan ta fara, Alhaji kar ka ruga. Na san jiki ba zai yarda ba amma durƙusa ƙasa, shiga ƙarƙashin tebur mai ƙwari ka riƙe ƙafarsa da hannu ɗaya, ɗayan ka kare kai da wuya, ka yi ta salatinka a nan har ta lafa. In kana kan gado zauna abinka ka kifa ciki ka ɗora filo a kai. Nesa da taga, nesa da wadirob. Lifta kam kar ma ka kalle ta, matakala ma ba a binta ƙasa na rawa, nan ake turereniya a karye. Wanda ke waje ya nufi fili, ya bar jikin gini da falwayar wuta. Mai tuƙi ya faka a gefe, ba ƙarƙashin gada ba, ya zauna cikin motar.

Yanzu ga inda aka fi asarar rai a banza. Ta tsaya, kowa ya fito, an yi hamdala, sai mutum ya tuna dalolinsa na ɗaki ko dilar kayan da ya saro jiya, ya ce bari in shiga minti biyu. Wallahi kar ka koma. Babbar girgiza ba ta zuwa ita kaɗai, ƙanana na biyo bayanta kwana da kwanaki, wani lokaci har watanni, kuma wasu ba ƙanana ba ne sam. Ranar 6 ga Fabrairun 2023 mai maki 7.8 ta bugi kudancin Turkiyya da Siriya kafin asuba, bayan kamar awa tara wata mai 7.5 ta sake bugawa da rana, gine-ginen da suka tsage da farko suka ƙarasa zubewa, mutum sama da dubu 50 suka rasu. Ginin da ka ga ya tsage, ko ƙofarsa ta daina rufuwa daidai, sai injiniyoyi sun duba. In ka ji warin gas kar ka kyasta ashana, kar ka taɓa makunnin wuta. Gida kuma tura musu tes ko saƙon WhatsApp guda, kiran waya ba ya shiga a irin lokacin. Wanda gini ya danne ya rufe hanci da riga saboda ƙura, ya riƙa ƙwanƙwasa bututu ko bango, ihu na cinye ƙarfi.

Makin nan ma a fahimce shi. Tsakanin 6 da 7 ba ɗan tazara ba ne, ƙarfin ya ninka kusan sau 32. Kuma duk wanda ya ce maka ya san rana da awan da wata za ta zo, ƙarya yake, har yau babu masanin da ya iya.

Sai maganar teku. In kana bakin ruwa ka ji girgizar da ta hana ka tsayuwa, ko ta daɗe tana yi, ko ka ga ruwa ya ja da baya sosai har kifi na tsalle a kan yashi, ko ka ji ruri daga teku, toh gargaɗin kenan, kar ka jira jiniya ko saƙon waya. Nufi tudu da ƙafa, don mota go-sulo za ta haɗa, ka hau kamar mita 30 ko ka nausa cikin gari kilomita 3, in ba hali ka haye saman dogon bene na kankare. A 26 ga Disamban 2004 da girgiza ta buga kusa da tsibirin Sumatra na Indonesiya da maki 9.1, mutane da yawa sun bi ruwan da ya janye suna kallo, kusan mutum dubu 230 suka halaka a ƙasashe 14, igiyar ta ketare teku har Somaliya bayan kamar awa bakwai, don a zurfin teku gudun jirgin sama take yi. Amma mutanen tsibirin Simeulue da ke dab da inda abin ya faro kaɗan ƙwarai suka rasu, saboda kakanninsu sun bar musu wasiyya cewa ƙasa na motsi ruwa na janyewa a hau dutse.

In jiniyar ta yi kuma, kar ka tsaya lissafin mita nawa aka ce. A Japan ranar 11 ga Maris 2011 gargaɗi ya fita cikin minti uku, amma tsayin da aka fara sanarwa ya gaza abin da ya zo, ruwa ya tsallake katangun da aka dogara da su. Igiya ta farko ba lallai ita ce babba ba, ta biyu ko ta uku na iya zuwa bayan awa guda, don haka zauna a tudun har hukuma ta ce a sauko.

Mu da ke Legas kuwa, tumbatsar da teku ke yi ya shigo unguwannin bakin ruwa da damina aikin iska da hadari ne, ba tsunami ba. In odiyo ya shigo, kafin ka tura wa Hajiya hawan jininta ya tashi, buɗe shafin USGS, hukumar Amurka mai bibiyar girgizar ƙasa, ka ga ina aka yi, wace rana, wane teku. In gaggawa ce ta gaske a nan cikin gari, kira 112 ko 767.