Yadda Ɗalibin Tsangayar Ilimi Zai Fara Sabuwar Shekarar Karatu

Ɗalibin tsangayar ilimi karatu biyu yake yi a lokaci guda: yana koyon fannin da zai koyar, ko lissafi ne ko tarihi ko kimiyyar halittu, kuma yana koyon yadda ake koyar da shi. A jami'o'i da yawa kwasa-kwasansa sukan rabu tsakanin tsangayoyi biyu, kowacce da jadawalinta, kuma ba lallai ne masu tsara na nan su tuntuɓi masu tsara na can ba. Saboda haka aikin farko, tun kafin ya kammala rajista, shi ne ya samo jadawalan biyu ya jera su, ya duba inda lakcoci suka yi karo. Idan ya ga karo, sai ya kai maganar a rubuce ga malamin da sashe ya ɗora wa alhakin ajinsu, tare da sauran waɗanda abin ya shafa, domin an fi saurin sauya lokacin lakca saboda mutum ashirin a kan saboda mutum ɗaya.

A wajen rajista, kwas ɗin da ɗalibi ya faɗi bara shi ya kamata ya fara shigarwa, sannan kwasa-kwasan dole, sannan na zaɓi gwargwadon gurbin da ya rage masa. Ya kula sosai da kwas ɗin dabarun koyarwa, domin a wurare da dama sai an ci shi ake tura mutum koyarwar gwaji, wato zuwa wata makaranta ya koyar da yara na ɗan lokaci ana duba aikinsa. Ya kuma adana kwafin takardar rajistarsa.

Koyarwar gwaji ita ce abin da ya fi dacewa a gina shekarar a kansa. Ɗalibi ya tambayi ranar da za a fita da yawan makonnin da za a yi, ya ƙirga daga wannan ranar zuwa yau, ya ga nawa ne ya rage masa na shiri. Wanda ya bari sai ranar da ya tsaya gaban yara arba'in sannan ya fara jin muryarsa a aji, ya makara. Akwai hanyar atisaye da Dwight Allen da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963, wato ƙaramar koyarwa: mutum ya koyar da abu guda na 'yan mintoci ga mutane kaɗan, a ɗauki hoton bidiyonsa, a yi masa gyara, ya sake koyar da darasin. A yau wayar hannu da abokan karatu huɗu sun isa. A tsayar da rana ɗaya a mako, kowa ya ɗauki minti biyar zuwa goma, kuma a duba fasaha ɗaya kawai a kowane zama, misali buɗe darasi ko rubutu a allo. Ganin kai a bidiyo ba daɗi a karon farko, amma a nan ne mutum yake gano cewa rabin darasin allo ya yi wa magana, ya juya wa ɗalibai ƙeya.

Kowane atisaye yana bukatar rubutaccen shirin darasi, kuma inda sababbi suka fi tuntuɓe shi ne rubuta manufa. Rabe-raben manufofin koyo da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956, wanda aka sabunta a 2001, a sabon tsarinsa ya jera matakai shida, daga tunawa da fahimta da aiki da abin da aka koya, zuwa nazari da auna ƙima da ƙirƙira. Haddace su don jarrabawa ba wuya, sai dai amfaninsu yana wajen zaɓen aikatau. Manufar da ta ce ɗalibai za su san sassan fure ba a iya auna ta, amma wadda ta ce za su zana fure su sanya sunayen sassa huɗu, kafin a tashi daga aji malami zai san ko ta cika.

Akwai kuma ɗabi'ar da ya kamata a soma tun lakcar farko. Masanin zamantakewa Dan Lortie ya ƙiyasta a 1975 cewa yaro kan shafe kimanin sa'o'i 13,000 yana kallon malamai kafin ya gama sakandare, shi ya sa sabon malami yakan koyar yadda aka koyar da shi ba tare da ya sani ba, mai kyau da marar kyau. Maganin wannan shi ne kallo da niyya. Ɗalibi ya ware shafukan ƙarshe na littafinsa don rubuta yadda malami ya koyar: da me ya buɗe, wa yake yawan tambaya, me ya yi da aka ba shi amsar da ba daidai ba. Ya ƙirga daƙiƙun da malamin yake jira bayan ya yi tambaya. Binciken Mary Budd Rowe ya nuna cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne kawai, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku, amsoshi sukan ƙara tsawo, masu amsawa kuma su ƙaru. Wannan rubutu na karatun kansa ne, ba na yaɗa aibin malamai ba.

Kada kuma son dabarun koyarwa ya sa ya yi sakaci da fanninsa. Lee Shulman ya yi bayani a 1986 cewa akwai ilimi na musamman da ke tsakanin sanin fanni da sanin koyarwa, wato sanin inda yara suke ruɗewa a wannan fannin da misalin da ke warware ruɗanin. Malamin lissafi ya san cewa yaro kan ɗauka ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu girma saboda takwas ya fi huɗu, kuma ya san cewa ninke takarda a gabansa ya fi dogon bayani. Don tara irin wannan sani, ɗalibi ya nemo manhajar ajin da yake sa ran koyarwa tun farkon zango, duk maudu'in da aka yi a lakcar fanninsa ya duba ko yana cikinta, idan yana ciki ya rubuta kuskure ɗaya da yaro zai iya yi a kansa da misali ɗaya da zai gyara shi.