Yadda za ka ɗauki fim ɗin kakarka da ta ga yaƙi

Lokacin da nake karatu a Budapest, babban birnin Hangari, wata abokiyar karatuna Bayahudiya ta roƙe ni in riƙe mata kyamara, tana so ta ɗauki kakarta. Tsohuwar tana da shekara 15 aka cusa ta a taragon jirgin ƙasa a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tana cikin Yahudawan Hangari sama da 430,000 da aka kwashe tsakanin Mayu da Yuli, yawancinsu zuwa Auschwitz, sansanin da 'yan Nazin Jamus suka yi wa Yahudawa kisan kiyashi. Zama shida muka yi da ita a ɗakin girkinta, kuma abin da na koya a can shi zan faɗa wa mai niyyar irin wannan aiki.

Ranar farko ka bar kyamara a gida. Ka je ka gaishe ta, ka faɗa mata abin da za ka yi da fim ɗin da waɗanda za su gan shi, ka yi mata alkawari cewa duk sanda ta ce a tsaya, an tsaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

In an fara ɗauka, kada ka faɗa kan sansani kai tsaye. Gidauniyar Shoah da mai shirya fim Steven Spielberg ya kafa a 1994 ta ɗauki shaidar mutane kusan 52,000 kan kisan kiyashin Yahudawa, kuma tambayoyinta daga rayuwar kafin yaƙi suke tashi. Mu ma haka muka yi. Jikar ta tambaye ta sunan titinsu, da abin da mahaifiyarta ke yi da yammacin Juma'a idan Asabar, ranar hutun ibadarsu, ta shiga. Sai ga maganar kyandir biyu da burodi mai kitso, sai ga sunayen ƙannenta uku sun fito ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai san mutanen nan suna raye ba, ba zai ji zafin rashinsu ba idan labarin ya iso wurin.

Hoto, wayar hannu mai kyau ta isa, in dai ka kafa ta ba ta rawa, hasken taga yana dukan fuskarta daga gefe. Kuɗinka ka zuba a makirufo ƙarami na maƙalawa a riga. Ka kashe firiji, ka cire agogon bango. Zamanmu na farko gurnanin firiji ya cinye rabin muryarta, kuma abin da ta faɗa ran nan ba ta sake faɗarsa ba. Har yau yana damuna.

Abu mafi wuya shi ne shiru. A zama na huɗu ta kai inda aka raba ta da mahaifiyarta a bakin jirgi, sai ta tsaya tana murza gefen tebur, kusan minti biyu ba ta ce uffan ba. Jikar ta buɗe baki za ta jefa wata tambaya, na taɓa ta da ƙafa. Da tsohuwar ta ɗago, sai ta faɗi launin ɗankwalin da uwarta ta ɗaura ranar. Kada ka cike shirun da tambaya, kada ka kashe kyamara sai in ita ta ce, kuma wajen haɗa fim kada ka yanke shi ko ka lulluɓe shi da kiɗa mai sa kuka. Fuskarta ta isa.

Za ta rikita wasu abubuwa, kada ka gyara ta tana magana. Dori Laub, likitan ƙwaƙwalwa da ke cikin waɗanda suka fara ɗaukar irin wannan shaida a New Haven ta Amurka a 1979, ya ba da labarin wata mata da ta ce ta ga bututun hayaƙi huɗu na gidajen ƙona gawa sun tashi da wuta a boren Auschwitz na Oktoba 1944, alhali ɗaya ne. Masana tarihi suka yi shakkar shaidarta, shi kuwa ya ce abin da take shaida shi ne an yi bore a wurin da ba a zaci zai yiwu ba. Ina tare da shi. Amma binciken yana wuyanka: ka nemi sunanta a Rumbun Arolsen da ke Jamus, mai takardu kan mutane kusan miliyan 17.5, da kundin sunaye na Yad Vashem, cibiyar tunawa da Yahudawan da aka kashe, a Kudus. Duka ana shiga ta intanet. Ka gwada rubuta sunan ta hanyoyi da yawa, domin magatakardan Jamus sun sha jirkita sunayen Hangari. In takarda ta saɓa da maganarta, ka sa su duka biyu a fim.

Tsofaffin hotuna ka ba ta a hannu ta riƙe, ka ɗauki bayansu ma, nan ake samun shekara da sunan gari.

Kowace rana ka kwafe abin da ka ɗauka a wuri uku, ɗaya a wajen gidanka. In ka gama haɗawa, ita za ta fara gani kafin kowa. Tamu ta kalla har ƙarshe, ta ce a cire wani minti ɗaya da ta yi magana kan wata maƙwabciyarsu, tunda jikokin matar suna nan da rai. Muka cire.