Kafin ka ɗauko Hajiya zuwa Amurka, ka san Medicare da Medicaid

Salamu alaikum 'yan uwa sababbin zuwa, sannunku da hanya. Maganar asibiti zan yi, don wallahi a ƙasar nan kwanciya ɗaya ba inshora tana iya cinye gumin da ka yi shekara uku kana tarawa.

Sunaye biyu za ku riƙa ji, kuma har mu da muka daɗe mukan rikita su. Medicare na tsofaffi ne, shekara 65 zuwa sama, gwamnatin tarayya ke riƙe da shi. Medicaid kuwa na masu ƙaramin ƙarfi ne, tarayya da jiha ke haɗa kuɗin, shi ya sa abin da ɗan uwanka ya samu a Bronx ta jihar New York ba lallai ka same shi a Houston ta jihar Texas ba. Dukansu Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 30 ga Yulin 1965, kuma har yau ba a daina jayayya a kansu ba.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Ɓangaren kwanciya asibiti na Medicare ba ya zama kyauta sai kai ko abokin aurenka ya yi aiki yana biyan haraji shekara 10, su suna ƙirga maki 40, huɗu a shekara. Yanzu ɗauki ɗan uwanmu mai tasi ko 'yar uwarmu mai kitso, kuɗi a hannu ake ba su, ba sa cike takardar haraji, suna ganin sun tsira da 'yan daloli, to ranar da furfura ta cika kai aka duba kwamfuta ba a ga komai ba sai a ce ka saya da kuɗinka, kuma a 2025 dala 518 ne duk wata, ban da dala 185 na ganin likita. Don Allah ku riƙa biyan harajin nan ko da zafi, adashe ne kake zubawa don tsufanka.

Sai maganar iyaye. Da yawanmu da mun samu takardar zama ɗan ƙasa burinmu mu ɗauko Hajiya ko Baba, kuma abin alheri ne, Allah ya ba da lada. Amma mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, da bai taɓa aiki a nan ba sai ya zauna shekara 5 a jere kafin ma a yarda ya sayi Medicare. Medicaid ma tun dokar 1996 akwai jiran shekara 5 a kuɗin tarayya, sai dai New York tana biya daga aljihunta ba jira, jihohi da yawa kuwa ba ruwansu. Ka tambayi dokar jiharka kafin ka yanki tikiti.

Rigimar 'yan siyasa fa? 'Yan Democrat sun fi son a faɗaɗa, su suka kawo dokar inshorar lafiya ta Obamacare a 2010, jihohi 40 suka buɗe Medicaid ga manya masu ƙaramin albashi, irin su Texas da Florida suka ƙi. 'Yan Republican na cewa kuɗin ya yi yawa, kuma mai lafiya ya tashi ya nemi aiki. Dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ce manya 'yan 19 zuwa 64 da suka shiga ta wannan ƙofa sai sun nuna shaidar awa 80 a wata na aiki ko karatu ko aikin sa kai, zuwa farkon 2027, a kuma sake tantance su duk wata shida. Ni dai a ganina ba ragwaye za ta fi kamawa ba, mutanenmu aiki suke kamar ba gobe, takarda ce za ta kayar da su, mai aikin da ba a ba shi rasit da me zai nuna awa 80?

Na ga irin wannan da idona. Wasiƙar sabunta Medicaid ɗin Hajiyata ta zo, farar ambulan, na jefa ta kan firij cikin tarin takardun talla na mance. Sai ranar da na je karɓo mata maganin hawan jini yarinyar kantin ta danna katin sau biyu ta ce an rufe. Hajiya tana zaune a mota da carbinta, na rasa bakin da zan faɗa mata. Sati uku ina zarya da buga waya kafin aka gyara. Duk wasiƙar da ta zo ka buɗe ta ranar, in Turancin ya yi maka nauyi ka nemi tafinta, haƙƙinka ne, kuma in ka canja gida ka sanar da su.

In ciwo ya taso da gaggawa ku tafi imajensi ko ba kati, dokar 1986 ta hana su korar mutum sai sun duba shi, amma bil ɗin zai biyo ka gida. Kuma in Baba zai je Kano ko Yamai yin azumi, katin nan ba ya aiki a can, ku karɓa masa maganin da zai ishe shi kafin ya hau jirgi.