Kafin ka rufe ɗakinka a Akara ka tafi hutun Disamba

Daga tsakiyar Disamba zuwa makon farko na Janairu gidajen haya a Akara sukan yi fayau. Masu zuwa ƙauye sun tafi, 'yan'uwanmu sun nufi Kano ko Yamai, a daren 31 ga wata kuma makwabta Kiristoci suna kwana a coci. Ɓarawo ya san wannan jadawali sarai. A Nima da Maamobi da Sabon Zango ido yana da yawa, wannan abin alfaharinmu ne, amma idon makwabci ba ya gyara kwaɗon da aka ɗaura da ganganci.

Fara da mai gida, don nan ne baƙi suka fi shan wuya. Ɗauko rasit ka duba ranar da kuɗin hayarka zai ƙare. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta ce kada a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata 6, amma a zahiri shekara ɗaya ko biyu ake karɓa, shi ya sa mutum yakan manta ranar. In za ta cika kana kan hanya, ku daidaita tun yanzu a rubuce, da sa hannun shaida, ko da limamin masallacin unguwa ne. Maganar baka ba ta hana ka dawo ka tarar da kayanka a baranda, wani yana kwance a ɗakin. Doka ba ta ba mai gida ikon fitar da kai ba tare da umarnin kotu ba, akwai kuma ofishin Rent Control mai sauraron irin wannan ƙara, amma abu na farko da za su tambaye ka shi ne takarda. Wanda ya biya ta hannun dillali bai karɓi rasit da sunan mai gida ba, ya je ya karɓo yau.

Sai makulli. Abin mamaki, mutum ya biya hayar shekara biyu, ya ci gaba da amfani da makullin da aka miƙa masa, bai san hannu nawa ya ratsa ba. Kira kafinta ya canja cikin makullin. Sukuru ɗaya ne dogo a gefen ƙofa yake riƙe da shi, aikin minti goma ne. Ajiye tsohon don ka mayar ranar tashi. In mai gida ya dage sai an ba shi sabon makulli ɗaya, sa a ambulan, manne, sa hannu a kan bakin, ka duba in ka dawo.

Kwaɗo mai tsada a kan ƙarfen da kawunan sukurorinsa ke waje asarar kuɗi ce, da sukurudireba kaɗai za a kwance. A sa bolti ya ratsa katakon, notin yana ciki. Tagar gilashi mai falle-falle kuwa zare ta ake yi ɗaya bayan ɗaya ba ƙara, don haka ƙarfen taga ya shiga bango da siminti, kada a kafe shi a jikin katako. Ka kuma ɗaga kai ka dubi silin. A tsofaffin gidaje bangon da ya raba ɗakuna ba ya kaiwa kwano, mai shiga ta ɗakin makwabci yana iya saukowa naka.

Wuta ma abin tsoro ce, hunturu ya busar da komai. Gobarar kasuwar Kantamanto a ranar 2 ga Janairun 2025 ta isa tunatarwa. Cire kan tukunyar gas gaba ɗaya, rufewa kaɗai ba ta isa ba in tiyo ya tsage. Zare kowane filogi, domin dawowar wutar ECG (kamfanin lantarki na Ghana) da ƙarfi bayan ɗaukewa takan ƙona waya. Kwashe firiji ka bar ƙofarsa a buɗe. In mita ɗaya kuke amfani da ita, biya rabonka kafin ka tafi, kada rigima ta jira ka. Rufe famfo sosai, sau da yawa ana barinsa a buɗe ranar da babu ruwa, ruwan ya zo da dare.

Fasfo da katin shaidar baƙi su bi ka, hotonsu kuma ya zauna a waya. Kuɗi kada ya kwana ƙarƙashin katifa. Mutum ɗaya amintacce ka gaya wa ranar dawowarka, hotunan tasha a Facebook su jira sai ka dawo. Ka bar masa lambar mai gida, da 112 ta gaggawa, 191 ta 'yan sanda, 192 ta 'yan kwana-kwana, ka roƙe shi ya riƙa share ƙofar ɗakin duk bayan kwana biyu, don ƙurar da ta taru a bakin ƙofa ita ke nuna ba kowa.