Babi na Bakwai: Idan Ɓarin Jikin Yaro Ya Shanye

Darasi na 1: Lambu da tiyo

'Yan'uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Kowa ta ɗora yatsa a kan wannan kalma: ƙwaƙwalwa. Mu raba ta uku: ƙwa, ƙwal, wa. Tana da ƙ mai lanƙwasa har biyu. Wadda hannunta ya ƙi yin lanƙwasar kada ta damu, ta goge ta sake.

Da yawanku kun ɗauka shanyewar ɓarin jiki ciwon tsofaffi ne masu hawan jini. Yana kama yaro ɗan shekara uku. Yana kama jariri ɗan kwana biyu.

Kun san lambun rani da ake yi a bakin rafin Dilimi, inda tiyo ke kai ruwa kwami-kwami. Ƙwaƙwalwa kamar lambun nan take. Jijiyoyin jini su ne tiyo, jini shi ne ruwan, shi yake kai mata iska da abinci. Idan jijiya ɗaya ta toshe ko ta fashe, wurin da take shayarwa zai rasa jini. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar wurin cikin 'yan mintoci suke fara mutuwa. Amma na gefe-gefe suna ɗan samun jini daga maƙwabta. Sun yi yaushi, ba su mutu ba. Waɗannan na gefe su likita yake ƙoƙarin cetowa, kuma kowace awa da aka ɓata a gida wasu daga cikinsu na ƙara mutuwa. Ƙwaƙwalwar yaro tana kan girma, tana shan jini da iska fiye da ta babba idan aka duba girman jikinsa, don haka ba ta jure ƙishi.

Darasi na 2: Abin da ido zai gani

Ciwon nan farat ɗaya yake zuwa. Yaro yana wasa, ko ya tashi daga barci, sai ki ga ɗaya daga cikin waɗannan. Baki ya karkace gefe guda, yawu na zuba ta nan. Hannu ɗaya ya saki, kofin koko ya suɓuce masa. Yana jan ƙafa ɗaya. Magana ta sarƙe, ko yana kallonki kamar bai gane abin da kike faɗa ba. Wani kuma matsanancin ciwon kai ne da amai, wani jijjiga, wani ya ce ba ya gani sosai.

Ga gwajin da za ki yi, ba ya cin minti ɗaya. Ce masa, "Yi mini murmushi." Duba ko gefen baki ɗaya ya ƙi ɗagawa. Ce masa, "Ɗaga hannuwanka biyu sama." Duba ko ɗaya yana saukowa da kansa. Ce masa, "Faɗi sunanka." Saurari harshensa.

Alama ɗaya ta isa. Ba sai uku sun cika ba. Ko da bakin ya karkace ya koma daidai bayan minti goma, a tafi asibiti a ranar, domin sau da yawa gargaɗi ne kafin babban ya zo.

Yanzu ku tashi bibbiyu, ɗaya uwa, ɗaya yaro. Murmushi, hannu, suna.

Darasi na 3: Lokaci

A nan za mu daɗe, domin a nan kowane aji yake tuntuɓe.

Tambayar da za a fara yi miki a asibiti ita ce, "Yaushe kika gan shi lafiya lau na ƙarshe?" Ku saurari tambayar da kyau. Ba a ce yaushe kika ga ciwon ba. An ce yaushe kika gan shi lafiya. Likita yana so ya san tsawon lokacin da ƙwaƙwalwar ta yi babu isasshen jini, da wannan yake zaɓar abin da zai yi masa.

Misali na farko. Yarinya ta ci abincin rana ƙarfe 2:00 tana surutu. Ƙarfe 2:30 kika ji ta faɗi a tsakar gida. Wane lokaci za ki rubuta? Idan tun 2:00 ba ki sake ganinta ba, 2:00 za ki rubuta.

Misali na biyu. Yaro ya kwanta ƙarfe 9:00 na dare lafiyarsa ƙalau. Kika tashe shi ƙarfe 6:00 na safe, hannu ya saki. Wane lokaci? A ajin bara kusan kowa 6:00 ta rubuta. Amsar ita ce 9:00 na dare, domin a nan kika gan shi lafiya na ƙarshe. Ba abin kunya ba ne a yi wannan kuskure a cikin aji. Mu sake.

Yaro ya kwanta 8:30 na dare. Ƙarfe 2:00 na dare ya tashi fitsari, ya taka da ƙafarsa, ya yi miki magana. Da asuba baki ya karkace. Wane lokaci? 2:00 na dare. Madalla, Inna, haka ne.

Ga yadda ake rubuta shi. Lambar awa tukuna, sai ɗigo biyu, ɗaya a kan ɗaya, sai lambar minti. A gefe ki rubuta safe, ko rana, ko dare. Wasu wayoyin suna nuna 18:30 maimakon 6:30 na yamma. Kada ki tsaya lissafi. Kwafi lambar yadda kika gan ta, ma'aikatan asibiti sun san karatunta. Babu takarda? Rubuta a bayan hannunki da biro. Ba ki duba agogo ba sam? Kama da salla: "Ana kiran la'asar yana wasa a ƙofar gida." Wannan ma amsa ce mai kyau. Amsar da ba ta da amfani ita ce "ɗazu" da "tun tuni".

Aiki: rubuta waɗannan a littafinki sau biyar-biyar. 7:15 na safe. 1:40 na rana. 9:00 na dare. Sannan ki rufe littafi ki amsa da baki: wane lokaci ake rubutawa? Lokacin da na gan shi lafiya na ƙarshe. Ku sake faɗa gaba ɗaya. Na baya ban ji ku ba.

Darasi na 4: Daga gida zuwa asibiti

Wata 'yar'uwarmu da ta yi wannan aji ta yarda in ba ku labarinta. Ɗanta ɗan shekara shida mai sikila ne. Wata safiya cikin sanyin Disamba, irin sanyin Jos da ruwan randa ke ƙona hannu, ta miƙa masa ƙosai sai ya faɗi daga hannun dama. Ta sake miƙawa, ya sake faɗuwa. Kakarsa ta ce iska ce, aka yi hayaƙi. Aka shafa man zafi. Maigida yana kasuwar Faringada, ta ce ba za ta fita ba sai ya dawo. Bayan magariba aka kai yaron. Yana raye, alhamdu lillahi, amma har yau da hagu yake rubutu, kuma ya koma aji baya.

Na sha faɗa, kuma raina yana ɓaci duk sanda na ji an maimaita. Haba 'yan'uwa! Waya tana hannunki. Kira maigida kina cikin Keke Napep. Tun yau da dare kowa ta zauna da maigidanta, ta nemi izini na dindindin: idan yaro ya nuna alamar nan, zan fita ba jira. Addu'a kuwa ba wanda ya hana. Yi tofi a hanya, bakinki na addu'a ƙafarki na tafiya.

Kada ki ba shi komai ta baki, ko ruwa, ko koko, ko rubutu, ko manja. Maƙogwaronsa zai iya kasa haɗiya, abin ya wuce huhu. Kada ki cusa cokali a bakinsa idan yana jijjiga. Kwantar da shi a gefensa, yawu ya zubo waje. Kada ki biya kemis, kuma kada ki ba shi maganin kakansa na hawan jini ko asfirin. Idan jijiya fashewa ta yi, asfirin ƙara zubar jinin zai yi, kuma ido ba ya bambance toshewa da fashewa sai an ɗauki hoton kai.

Ki nufi babban asibiti mai sashen gaggawa na yara da wurin ajiyar jini, irin asibitin koyarwa na jami'ar Jos da ke Lamingo. Ɗauki katinsa. Kina shiga ki faɗi abu uku: ga abin da na gani, yana da sikila ko ba shi da ita, ga lokacin da na gan shi lafiya na ƙarshe. Nuna bayan hannunki.

Darasi na 5: Mai sikila

A ƙasarmu sikila ce babbar hanyar wannan ciwo ga yara. Bincike a Amurka ya nuna idan ba a yi rigakafi ba, kusan 11 cikin 100 na masu sikila nau'in SS yana samunsu kafin su kai shekara 20, kuma ya fi yawa a ƙananan shekaru. Idan ya faru, ƙarin jini cikin gaggawa ake yi, don haka ki tafi da ɗan'uwa wanda zai iya ba da jini.

Akwai awon da ake yi tun kafin ciwo ya zo. Kwafi haruffa ukun nan: T C D. Ana ɗora wata 'yar na'ura a gefen kai, kusa da kunne, ta auna gudun jini. Babu allura, babu zafi. Sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Idan gudun ya yi yawa, jijiya ta fara tsukewa ke nan. A 1998 aka tabbatar cewa ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100 ga irin waɗannan yara. Likitoci a Kano kuma sun gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yaranmu, ta rage haɗarin sosai. A jikin kwalinta za ki ga ta fara da H, Y, D. Likita kaɗai ke rubuta ta, kuma ana auna jini a kai a kai. A ranar asibitinku ta gaba ki nuna haruffa ukun, ki tambayi inda ake yi.

A gida: ruwan sha isasshe, rigar sanyi da hula, gidan sauro. Zazzaɓi ba ya kwana.

Darasi na 6: Jariri

Jariri ba zai yi miki murmushin gwaji ba. A kwanakin farko ki lura da hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya da ke fizga ba tsayawa, ko ya ƙi nono, ko barcin da ba ya tasuwa. A koma asibiti. A rubuta lokaci.

Idan bai kai shekara ɗaya ba amma hannu ɗaya kawai yake miƙawa, ɗayan kullum a dunƙule, kada a ce bahago ne. A nuna wa likita.

Darasi na 7: Bayan an sallamo

A ci gaba da gashi, wato motsa gaɓoɓin da suka saki, yadda aka tsara. A sa shi amfani da hannun da ya saki. A gaya wa malaminsa na makaranta. Ciwon yana iya dawowa, kada a tsallake ranar asibiti.

Aikin gida: rubuta lambar wayar masu keke mutum biyu a bangon littafinki. Yau da dare, sanda ƙaramin ɗanki ya kwanta, duba agogo ki rubuta lokacin. Ki zo da abin da kika rubuta ranar Talata.