Yadda Ake Kwatanta Unguwanni Biyu Maƙwabta Kafin a Kai Iyali

Unguwanni biyu ne a gefen birni, titi ɗaya ko gada ɗaya ce ta raba su. A ido gidajen kusan iri ɗaya ne, sai dai hayar ɗaya ta fi sauƙi. Magidanci mai matsakaicin samu, wanda albashi ke kai shi ƙarshen wata da ɗan abin da ya rage, nan da nan zuciyarsa za ta karkata ga mai arhar. Ban ga laifinsa ba. Amma abin da ya kamata a ɗora a sikeli shi ne makon iyalin gaba ɗayansa, daga fitar safiyar Litinin zuwa hutun ƙarshen mako, domin gidan wani yanki ne kawai na wannan makon.

Mataki na farko, ku zauna da takarda, miji da mata, har da yaran da suka yi wayo. Ku rubuta duk inda kowa ke zuwa: wurin aiki, makaranta, kasuwa, asibiti, wurin ibada, gidan iyaye idan sun tsufa. A gaban kowane wuri ku sa sau nawa ake zuwa a mako. Da wannan takardar za ku auna unguwannin biyu.

Na biyu, ku haɗa kuɗin gida da kuɗin sufuri wuri ɗaya. Akwai tsohon ma'auni da ke cewa kada kuɗin gida ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu. Asalinsa daga Amurka ne: a 1969 wata doka da Sanata Edward Brooke ya kawo ta ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kashi 25 na samun mai haya, a 1981 aka ɗaga zuwa 30. Ma'aunin yana da amfani, amma ya manta da hanya. Shi ya sa wata cibiyar bincike a Chicago mai suna Center for Neighborhood Technology ta kawo gyara, ta ce a haɗa gida da sufuri, jimillar kada ta wuce kashi 45.

Ga misali. A ce samunku 100 ne. A unguwar kusa haya 30, sufuri 10, jimilla 40. A ta nesa haya 24, amma sufuri 20 saboda kowa sai ya hau mota biyu kafin ya isa, jimilla 44. Mai arhar ta zama mai tsada ke nan. Idan kuma zama a can zai tilasta muku sayen mota ta biyu, ku sa kuɗin mai, gyara, taya da inshora a lissafin. Ku ƙara da ruwa, wuta, kwasar shara da duk wani kuɗin da mazauna unguwa ke tarawa. Nan ne mutane da yawa ke yi wa kansu sassauci, su rubuta abin da suke fata maimakon abin da za su biya.

Na uku shi ne lokaci, kuma a ganina shi ya fi komai nauyi. Kada ku dogara da taswirar waya da kuka duba da rana tsaka, kada kuma ku dogara da dillalin da ya ce minti ashirin ne zuwa cikin gari. Ku je unguwar da sassafe a ranar aiki, ku fito a daidai lokacin da za ku riƙa fita, ku bi hanyar har ƙofar ofis. Da yamma ku koma. Ku yi haka a kowace unguwa, sau biyu idan da hali. Unguwannin da ke maƙwabtaka sukan bambanta ƙwarai a nan, domin wata tana da mafita uku, wata kuma duk motocinta a mahaɗa ɗaya suke cushewa.

Ƙarin minti 30 zuwa da 30 dawowa awa ɗaya ce a rana. A kwanakin aiki 240 na shekara ta zama awa 240, daidai da ranakun aiki 30 masu awa takwas-takwas. Daga barcinku za a cire ta, ko daga zaman duba aikin makarantar yara. Masanin nan ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya nuna a 1994 cewa tun zamanin tafiyar ƙafa mutane kan ware kusan awa ɗaya ne a rana don zirga-zirga. Masana tattalin arziki biyu, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun duba bayanan mutanen Jamus, suka wallafa a 2008 cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi nuna rashin gamsuwa da rayuwarsu, wato arhar gida ko ƙarin albashi ba su cika biyan wahalar ba.

Na huɗu, ku gano wace hukuma ce ke riƙe da kowace unguwa. Wani lokaci titin da ya raba su shi ne iyakar ƙananan hukumomi biyu, kuma haraji, gyaran hanya da kwasar shara duk suna bin wannan iyakar. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, adireshin gida yakan yanke makarantar gwamnatin da yaro zai samu. Ku shiga makarantar da ƙafarku, ku ga yawan yara a aji da halin bayan gida, ku tsaya a ƙofa lokacin tashi ku yi hira da iyaye. Ku auna tafiyar ma: babba yana cin mita 400 cikin minti biyar, ƙaramin yaro ya fi haka daɗewa, kuma babban titi guda da za a tsallaka ya isa ya ɓata kusancin.

Na biyar, ƙasa da ruwa. Ku koma bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. Idan ba lokacinsa ba ne, bango zai ba ku labari: layin laka a jikin katanga, fenti da ya kumbura daga ƙasa, dokin ƙofa da aka ɗaga, magudanar da ta cika da yashi. Gidan da ke kwari yakan yi arha da dalili. Na taɓa ganin iyalin da suka tare a gida mai kyau a lokacin rani, ruwan farko ya shiga har ɗakin yara, kuma sun riga sun biya hayar shekara. Tambaya ɗaya ga maƙwabci da ta hana wannan.

Na shida, ku je da dare. Ku ga ko akwai haske a titi, ko mata da yara suna tafiya hankali kwance, ko shaguna a buɗe suke. Ku tsaya shiru ku saurara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018, cikin jagorar da ta fitar wa Turai, cewa ƙarar motoci da dare kada ta wuce desibel 45 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) saboda illarta ga barci. Manhajar auna sauti a waya za ta ba ku ƙiyasi.

Daga nan sai mazauna. Ku nemi wanda ya shekara biyar a wurin da wanda ya tare bara, ku tambaye su sau nawa ruwan famfo ke zuwa, nawa aka ƙara musu haya, me ya sa na gidan kafin ku ya tashi. Ku leƙa ofishin tsara gari ku ga abin da aka shirya wa filayen da ke kewaye, domin filin da yara ke ƙwallo yau yana iya zama tashar manyan motoci.

Idan niyyar saye ce, ku fara kama haya ta shekara ɗaya a unguwar da ta yi rinjaye, ku ga zafinta da ruwanta, kafin ku sa hannu a takardar bashin da za ku yi shekara ashirin kuna biya.