Canja wa babbar a-kori-kura salansa: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Toyota Tundra da Ford F-150 da Ram 1500 da Chevrolet Silverado motoci ne da aka ƙera don kasuwar Amurka, kuma a can ne kamfanonin da ke ƙera salansar canji irin su Flowmaster da MagnaFlow da Borla suke. Idan irin waɗannan motoci suka iso mana 'yan tokunbo, mai motar yakan ji injin silinda takwas yana aiki shiru, sai ransa ya biya ya ji rugugi. Wannan ba laifi ba ne. Inda ake yin kuskure shi ne zaɓen salansa da ƙarar da aka ji a bidiyon waya, ko wadda aka ji mota tana tsaye a gareji ana taka mata totur. Ita kuwa mota a kan titi take yini.

Kuskuren da ya fi jawo da-na-sani ke nan, saboda akwai wani gunji mai nauyi da ba ya fitowa sai an hau babbar hanya. Yakan bayyana ne lokacin da inji ke juyawa tsakanin sau 1,500 zuwa 2,500 a minti, wato daidai inda allurar juyin inji ke zama idan kana tafiya a giyar ƙarshe. Injin silinda takwas yana tura hayaƙi sau huɗu a kowane juyi, don haka a juyi 2,000 bugu kusan 133 ne ke bin bututu a kowace daƙiƙa. Sauti mai kauri irin wannan yana ratsa jikin mota ya cika ɗakin direba. Minti goma a cikin gari ba za ka damu ba, amma ka ɗauko hanyar Kano zuwa Kaduna da shi, kafin Zariya kanka ya fara ciwo, ba kuwa ka jin maganar na kusa da kai. Masu Ram mai injin Hemi 5.7 da masu Silverado mai injin 5.3 sun fi shan wahala, domin injinansu kan kashe silinda huɗu don tattalin mai, sautin kuma ya koma wani iri marar daɗi.

Maganin yana farawa tun kafin saye. Ka nemi mai mota irin taka wanda ya sa salansar da kake so, ka shiga ya ja ka a babbar hanya, gilasai a rufe. Ka kuma san yadda cikin salansar yake. Fitattun salansun Flowmaster ɗakuna ne a ciki, da farantan ƙarfe masu karkatar da hayaƙi. Super 10 da Super 44 masu ƙara ne ƙwarai, jerin 50 da 70 sun fi sauƙi a kunne. Na MagnaFlow da Borla kuwa bututu ne miƙaƙƙe mai huji-huji, an naɗe shi da abin da ke shanye sauti, kuma Borla ta kasa nata hawa uku: Touring, S-Type, sai ATAK mafi ƙara. A kowane iri, salansa mai tsawo da girman jiki ta fi gajera shiru. Ga motar da ake tafiya mai nisa da iyali, ni dai mai girman jiki zan ce a ɗauka. Idan an riga an sa kuma gunjin ya dame ka, ba dole ne a jefar da ita ba. A mayar da ƙaramar salansar tsakiya idan an cire ta, ko mai walda ya ƙara reshen bututu mai toshe a ƙarshe, wanda aka auna tsawonsa daidai da gunjin, sautin da ya dawo daga cikinsa ya kashe wanda ke tafiya.

Sai batun faɗin bututu. Wasu sun ɗauka duk yadda ya ƙara faɗi haka ƙarfi zai ƙaru. Wasu kuma, har da wasu makanikai, cewa suke inji yana bukatar a ɗan toshe masa hanya. Duka biyun ba daidai ba ne. Inji ba ya son toshewa, amma yana son hayaƙi ya fita da gudu, domin kowane bugu yana taimakawa wajen janyo na bayansa. Bututun da ya yi faɗi da yawa yana sa hayaƙi ya huce ya rage gudu, sai mota ta yi sanyin jiki wurin tashi da wurin jan kaya. Injin Tundra mai lita 5.7, wanda aka yi daga 2007 zuwa 2021, ƙarfin doki 381 gare shi, kuma bututu ɗaya mai inci 3 ko biyu masu inci 2.5 sun ishe shi. Sararin cikin bututu mai inci 4 ya kusa ninka na mai inci 3, nauyi ne kawai da asarar kuɗi ga injin da ba a taɓa ba.

Kada kuma a sa rai da yawa. Salansa ita kaɗai sauti take canjawa, ƙarfin da take ƙarawa kaɗan ne. Ba ta kuma mayar da wani inji wani: Hilux mai silinda huɗu ba za ta yi rugugin silinda takwas ba, haka Tundra ta 2022 zuwa sama da F-150 EcoBoost, waɗanda silinda shida gare su da turbo biyu masu cinye yawancin sautin tun daga gaba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake fakewa da canjin salansa a cire matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, shi ya sa ake yawan ba masu mota shawarar wai ta toshe. Da an cire ta, sansar da ke auna hayaƙi a bayanta za ta gane, fitilar inji ta kama a dashbod, warin hayaƙi ya ƙaru, mutanen unguwa kuma su shaƙi gubar da ita ce ke ragewa. Ka tsaya a wurin aikin, ka ce daga bayan matatar za a fara yanka.

Irin ƙarfen ma abin dubawa ne, musamman ga wanda ke zaune a Legas ko Fatakwal inda damshi ke cin ƙarfe. A cikin ƙarfen da ake kira stainless, mai lamba 304 ya fi jure tsatsa, mai lamba 409 yana yin ja a sama amma yana daɗewa, ƙarfe mai shafen alminiyam ne ya fi saurin ruɓewa. Idan za ka saya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ka tafi da mayen ƙarfe: yana kama 409 sosai, 304 kuwa da kyar yake kama shi, ko ma ya ƙi.

A wurin ɗaurawa, a auna kafin a biya kuɗi: faɗin mashiga da mafita, ko a tsakiya suke ko a gefe, da tsawon wurin da salansar za ta zauna. Salansa mai ɗakuna tana da gaba da baya, a duba alamar da ke jikinta, don idan aka juya ta sauti da tafiyar hayaƙi duk sun lalace. A rataye ta da roba, kada a like ta da jikin mota da walda, in ba haka ba girgiza za ta shigo ciki ta kuma tsaga bututun. A nisanta ta daga tankin mai da bututun birki da tayar safaya. Kuma kada a yanke bututu ya ƙare a ƙarƙashin mota don neman ƙara. Hayaƙin yana ɗauke da iskar nan marar wari da launi da ke kashe mutane idan an kunna janareta a cikin ɗaki, tana kuma iya shiga wurin fasinjoji idan an tsaya a cunkoso. Bakin bututu ya fito ta baya ko ta gefe, bayan tayar baya.